Mun kira taro kan sauyin yanayi mutanen gari sun ƙi zuwa, ina gizo ke saƙar?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a sashen muhalli, an saka ni cikin kwamitin da zai rubuta tsarin da birninmu zai bi wajen tunkarar sauyin yanayi. Masu ba da tallafin sun ce dole sai an ji ta bakin mutanen gari. Mun kira taro har sau biyu a ɗakin taro, mutum bai kai arba'in ba, kuma fuskokin da muka saba gani ne, mata ko biyar ba su kai ba. Wani dattijo ma ya miƙe ya ce mu ba yanayi ne ya dame mu ba, ku gyara mana kwata. Don Allah ya ake yi mutane su shigo cikin wannan aiki da gaske? Ko dai mutanenmu ne ba su damu ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma in na fahimce ki tambaya biyu ce a ciki. Ta farko, ya za a yi mutanen unguwanni su sa baki su sa hannu a tsarin da kuke rubutawa, ta biyu kuma wadda na ga ta fi ci miki rai, wai ko mutanenmu ne ba su damu ba. Bari in fara da ta biyun. Sun damu. Wallahi sun fi mu damuwa, mu da muke zaune a ofis. Mutumin da duk daren da hadari ya haɗo sai ya tashi ya ɗora katifa da buhun hatsi kan benci, ya tashi yara daga barci ya tsaya da bokiti a bakin zaure yana jiran ya ga ko yau ma ruwan zai shigo, ai ba a ce masa bai damu da yanayi ba. Dattijon nan da ya ce ku gyara kwata, ni a wurina shi ne ya yi magana mafi amfani a taron naku gaba ɗaya, domin kwatar nan ita ce sauyin yanayin a ƙofar gidansa. Ya ba ku bakin zaren, sai dai da yarensa ya ba ku, ba da yaren takardarku ba.

Ni aikina tsara birane ne, kuma yawancin shekarun da na yi a kai na yi su ne a lungu, kan maganar magudanan ruwa da shara da dashen itatuwa. Don haka abin da zan faɗa miki daga can na samo shi.

Me ya sa ake ta maganar tsarin birane yanzu

Tun bayan yarjejeniyar Paris ta 2015 da ƙasashen duniya suka ƙulla kan sauyin yanayi aka fara matsa wa birane su ma su rubuta nasu tsarin, saboda an gane alƙawarin da shugabannin ƙasashe ke ɗauka a manyan taruka a birni ake cika shi ko a kasa. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, Legas ta fitar da nata tsarin na 2020 zuwa 2025, jihohi da dama na binta a baya. Mu kuma a arewa ba sai an kawo mana hujja daga waje ba. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, Jigawa na cikin inda ta fi ɓarna. Ranar 10 ga Satumba 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa bayan madatsar Alau ta ɓalle, shekara talatin cif bayan irin ta ta 1994. Ga zafin Maris da Afrilu da yanzu yake hana mutane barci har asuba. To irin wannan tsarin da kuke rubutawa yawanci fuska biyu gare shi, akwai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, akwai kuma shirin jure abin da ya riga ya same mu. A garuruwanmu na biyun ne ke taɓa mutane kai tsaye, kuma ta nan ake shiga. In kin fara da maganar hayaƙin masana'antu da ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya, mai sayar da kayan miya zai saurare ki don kunya, ya tafi bai ɗauki komai ba.

Abin da ya hana su zuwa

Taro a ɗakin taro da ƙarfe goma na safe ranar aiki, wa ke da wannan lokacin? Ɗan adaidaita sahu yana neman balas ɗin mai mashin, ɗan garuwa yana kan turi, mai awara tana gaban kasko, ɗan kasuwa bai yi cinikin fari ba. Waɗanda za su iya barin neman abinci su zo su zauna awa uku su ne ma'aikata, da shugabannin ƙungiyoyi, da waɗanda zuwa taron bita ya zame musu sana'a saboda kuɗin mota. Ba zaginsu nake ba, akwai na kirki sosai cikinsu, amma ba su ne ruwa ke ci ba. Sannan ga takardar gayyata da Turanci, ga furojekta, ga babban tebur an jera manya, talaka na shigowa ya san nan ba wurin maganarsa ba ne.

Amma babban dalilin da ba a cika faɗa ba shi ne mutane sun gaji da a tambaye su a tafi. An zo an rubuta sunayensu lokacin ambaliya, ba su sake ganin kowa ba. An zo da fom an ƙirga yaransu da ɗakunansu, shiru. An ɗauke su hoto riƙe da tsintsiya, shiru. To in suka ji an ce akwai wani taron, lissafin da suke yi daidai ne: zan bar cinikin yau in je in faɗi abin da na faɗa bara da bara waccan. Wannan ba jahilci ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke aiki.

Akwai kuma kalmar nan da muke yawan amfani da ita, wayar da kai. Ina roƙonki ki cire ta daga bakin kwamitinku a wannan matakin. Duk wanda ya fito da niyyar wayar da kan mutane ya riga ya yanke cewa shi ke da ilimin, su kuma kunne kawai za su kawo. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku kuna da hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, kuna da rahoton ambaliya da NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna, ke fitarwa duk shekara, kuna da taswirar tauraron ɗan adam. Su kuma sun san wane lungu ruwa ke fara cikawa, minti nawa yake ɗauka, gidan wa yake fara shiga, kuma me aka gina a kan hanyarsa. Tsarin da ba shi da ilimin nan na biyu, takarda ce kawai.

Ku fita ku bi ruwan da ƙafa

Abin da ya fi yi min aiki a duk shekarun nan ba taro ba ne, zagaye ne. Ki fara da gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, su haɗa ki da mai unguwa, ba a tsallake wannan ko da kuwa kina da takardar gwamna a jaka. Sai ki roƙi mai unguwa ya ba ki mutum biyar ko shida ku zaga unguwa washegarin ruwan sama mai ƙarfi, tun ƙasa ba ta bushe ba. Ki tabbata akwai ɗan garuwa cikinsu, domin babu wanda ya san gangaren unguwa kamar mai tura kura cike da jarkoki, ƙafarsa da bayansa sun haddace inda ƙasa ta yi tudu da inda ta yi kwari. Ki nemi magini tsoho, ki nemi ɗan bola jari.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wata unguwa ce a cikin tsohon gari, a taswirarmu mun riga mun ja jan layi a kan babban lambatun bakin titi, mun ce shi ne ya yi ƙanƙanta, a faɗaɗa shi. Muna cikin zagaye wata tsohuwa ta leƙo daga soro ta ce mu shigo. Ta kai mu bangon ɗakinta ta nuna mana layi uku na jirwayen ruwa a jikin yaɓe, ɗaya a idon sawu, ɗaya a ƙwauri, na sama ya kusa gwiwa, kuma kowanne ta san shekararsa, ba da lamba ba, da abin da ya faru: wannan shekarar da aka aurar da jikarta, wannan shekarar da mijinta ya rasu. Sai ta ce, da can ruwan nan ba ya zuwa nan, kududdufin bayan masallaci yake tafiya. Muka ce wane kududdufi? Babu shi a taswirarmu sam, saboda an cike shi da shara an yanka filaye an gina shaguna. Duk wanda ya tashi a tsofaffin garuruwanmu irin Kano da Zariya da Katsina ya san kududdufan nan, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, suka zama matattarar ruwan damina, su ne ke shanye ruwan kafin ya shiga gidaje. Da aka cike wannan, ruwan ya juya ya bi wani siririn lungu da ko kura ba ta wucewa, ya faɗa gidaje kusan goma sha biyu. Da mun faɗaɗa lambatun titi da mun kashe kuɗi mai yawa ruwan bai ko san mun yi ba. Abin da aka yi a ƙarshe ƙaramin kwalbati ne da buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da wani ya toshe da bulo.

Bayan zagayen sai a zauna a ƙofar gidan mai unguwa ko harabar makaranta bayan la'asar, a shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, su zana unguwarsu da kansu. Masallaci nan, famfo nan, injin markaɗe nan, bola nan. Sai a sa alama inda ruwa ke kwanciya, inda babu inuwa ko ɗaya, inda ake ƙona shara. Za ki ga gardama ta kaure, wannan na cewa ba nan ba ne can ne, to wannan gardamar ita ce aikin, kar ki kashe ta. Ba mu kaɗai ke yin haka ba, a Darussalam ta Tanzaniya tun 2015 ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka riƙa bi lungu lungu suna zana magudanai da wuraren da ambaliya ke ci, a wani shiri da ake kira Ramani Huria, taswirar da suka fitar ta nuna abubuwan da ta hukuma ba ta da su. Ku ma kuna da ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya da ke neman aikin fili, da waya kawai za su ɗauki hoto da wurin.

Maganar mata

Kin ce mata ba su kai biyar ba. Ba za su kai ba, ko sau goma kuka kira. Kuma ko sun zo ba za su yi magana gaban mai unguwa da surukansu ba. Ke ce za ki je, kuma sa'ar da kwamitinku ya yi ita ce ke mace ce, kina shiga inda ni ba na shiga. Ki nemi malamar islamiyyar matan aure, ki nemi uwar adashi, ki nemi ungozoma, ki roƙi minti talatin bayan an tashi karatu, ko a tsakar gidan wata dattijuwa da ake jin maganarta.

Abokiyar aikina ce ta riƙa yi mana wannan ɓangaren, kuma abin da ta dawo da shi ya sauya min tunani a kan shara kwata-kwata. Mu maza a majalisa kullum maganarmu ita ce mata ne ke zuba shara a kwata, ba su da tsafta. Da aka tambayi matan sai suka ce, ina za mu kai? Bolar unguwa an sayar an gina. Mace ba ta fita, yaro take ba wa naira kaɗan ya kai, bola mafi kusa tana da nisa kuma sai ya tsallaka titi, to yaro da ya sha kwana ya ga ba kowa sai ya juye a lambatu ya dawo. Wasu ma jira suke a fara ruwa su zuba don ruwan ya tafi da ita. Kin ga ashe matsalar ba ta wa'azi ba ce, ta wurin zubarwa ce da mai kwashewa. Ko tsaftar muhallin da ake yi ranar Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano da wasu jihohi, sau nawa matasa ke yashe kwata su tara a bakin titi, mota ba ta zo ba, ruwa ya sauko ya mayar da ita inda ta fito? Duk wanda ya yi wannan wahalar sau biyu ba zai fito na uku ba.

Kuma mata ne za su faɗa miki maganar zafi, wadda maza ba sa kawowa a taro saboda su da rana suna waje ƙarƙashin rumfa. Ɗakin kwano mara silin da azahar, mai jego da jariri a ciki, ga hayaƙin murhu, ga tsakar gida da aka malale da siminti aka sare bishiyar da ke ciki don a ƙara ɗakin haya. Birnin Ahmedabad na Indiya sai da zafin Mayun 2010 ya kashe musu sama da mutum 1,300 sannan suka yi tsarin tunkarar zafi a 2013, kuma cikin abubuwan da suka yi akwai masu sauƙi ƙwarai: sanar da mutane kwanaki kafin zafin ya tsananta, ajiye ruwan sha a wuraren taruwa, shirya asibitoci, da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Ba abin da ya fi ƙarfinmu a ciki. Amma in ba ku zauna da mata ba, babin zafi a tsarinku zai fito layi biyu ne.

Su kuma matasa a majalisarsu ake samunsu, da teburin mai shayi da dare, da filin ƙwallo. Gidan rediyo ma yana aiki sosai in shiri ne na kiran waya, kuma ki buɗe lambar WhatsApp da za a riƙa turo saƙon murya da hoto, saboda da yawa ba za su rubuta ba amma za su yi magana. Limamai kuma ki je musu da girmamawa tun farko, ba sai an gama a kai musu sanarwa su karanta ba. Za ki ji masu cewa ruwa na Allah ne, kuma gaskiya ne, amma liman ne zai fi ki iya tuna musu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci yana da lada. In akwai unguwannin da Kiristoci ke da yawa, fastoci ma haka.

Jin ra'ayi daban, ba da iko daban

Nan ne na fi so ki tsaya. Za ki iya yin duk abin da na lissafa, ki tara bayanai cike da kwali, amma in a ƙarshe ku kaɗai za ku shiga ɗaki ku zaɓi abin da za a yi, to an ji ta bakinsu ne kawai, ba su shiga ba. Shiga ita ce a ce akwai wani abu, ko ƙarami ne, da maganarsu ce ta ƙarshe a kai.

Hanyoyin da aka gwada a duniya suna da yawa. Birnin Porto Alegre na Brazil tun 1989 ya fara ware wani kaso na kasafin kuɗi mutanen unguwanni su zaɓi aikin da za a yi da shi. Faransa kuma a 2019 ta zaɓo mutum 150 ta hanyar ƙuri'ar sa'a, ba zaɓe ba, talakawan gari daga kowane ɓangare, suka yi watanni suna zama suka fitar da shawarwari 149 kan yanayi, sai dai da aka zo yin doka an rage wa da yawa ƙarfi, kuma mutanen sun fito sun nuna ɓacin ransu. Darasin da na ɗauka a nan shi ne kar ka yi wa mutane alƙawarin ikon da ba za ka iya ba su ba. A wurinmu ni na fi ganin dacewar ta farkon, a ƙaramin sikeli. Ku je wa shugabanninku da masu tallafin ku ce a ware wani abu, ko na kwalbati biyu ne a kowace mazaɓa, a faɗi adadin kuɗin a fili gaban jama'a, a kawo ayyuka huɗu ko biyar da suka fito daga zagayen nan da kimar kowanne, mutane su zaɓa. Mun taɓa yi da ƙwayar wake, kowa a ba shi uku ya jefa a kwanon aikin da yake so, mata a nasu zaman maza a nasu, sannan a haɗa a ƙirga a gaban kowa. Wanda bai iya karatu ba ya jefa, wanda ke jin nauyin mai unguwa ya jefa ba tare da ya buɗe baki ba. Ranar ne na ga mutane sun tsaya har magariba ba wanda ya tambayi kuɗin mota.

Maganar kuɗin mota kuwa, ra'ayina shi ne in kin je inda mutane suke na ɗan lokaci, ba sai an raba komai ba, ruwan sha ya isa. Amma wanda kika ɗauke shi yini guda yana zagaye da ke, ɗan garuwa ko magini, ki biya shi ladan yininsa, haƙƙinsa ne, kwansaltan ma ai biyansa ake.

Sai ki kula da masu kwace taro. Kowace unguwa akwai su, mai kuɗin da ke son kwalbatin ya biyo ƙofar gidansa, ɗan siyasar da ke son a ce shi ya kawo. Mai unguwa ƙofa ne, dole ki bi ta kansa, amma in shi kaɗai ya zaɓo miki mutane za ki samu masu gidaje ne zalla, 'yan haya da baƙi da waɗanda ke zaune a bakin rafi ba za su fito ba, alhali su ruwa ke fara ci. Ki ce masa kai tsaye, ranka ya daɗe ina son 'yan haya biyu, ina son wani daga gidajen gangare. Kuma in zaɓe ya matso ku yi hattara da hula da fosta a wurin zamanku, da zarar an ce aikin na jam'iyya kaza ne rabin unguwa ta fita.

Dashen itace, inda aka fi yin asara

Kusan duk tsarin da na gani akwai alƙawarin dasa itatuwa dubu kaza. Ana dasawa ranar biki, a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. Ni ma na yi wannan kuskuren, mun jera dashe a bakin wata hanya ba mu tambayi kowa ba, bayan shekara da na koma waɗanda suka rayu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da na duba waɗanda suka rayun sai na ga kowanne akwai mai shi. Ɗaya mai shayi ne ya kewaye shi da tsohuwar taya da ƙaya yana zuba masa ruwan wanke kofuna, saboda yana son inuwa a teburinsa. Ɗaya a ƙofar makarantar allo, almajirai ke ba shi ruwan alwala. Tun daga nan ban sake yarda a dasa itacen da ba a san sunan mai renonsa ba, kuma a bar mutum ya zaɓi irin da yake so, wani darbejiya yake so don inuwa, wata mangwaro ko zogale take so a tsakar gida.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu gane wannan. Tun shekarun 1980 manoma can suka koma renon tohon da ke fitowa daga kututturen da ke gonakinsu maimakon sassabe shi, gawo da kalgo da sauransu, har aka kiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin da ya riƙe aikin shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, zai ci amfaninsa. A birni kuma ki duba Freetown ta Saliyo. Bayan zaftarewar ƙasar Agustan 2017 da ta kashe sama da mutum 1,000, magajiyar garin Yvonne Aki-Sawyerr ta fara shirin dasa itace miliyan ɗaya a 2020, kuma dabarar ita ce mazauna unguwanni ne ke dasawa suna reno, suna ɗaukar hoton kowane itace da waya lokaci lokaci, ana biyansu ta waya in itacen na raye. Wato kuɗin na bin rayuwar itacen ne, ba ranar dashe ba. Wannan za ku iya sa shi a tsarinku gobe.

Ku koma ku faɗa musu

Laifi mafi girma da na taɓa yi a aikin nan shi ne rashin komawa. Mun yi zama mai kyau da wata unguwa, suka ba mu lokacinsu da sirrinsu, muka rubuta rahoto muka miƙa, kuɗin aikin bai fito ba, ni kuma nauyi ya hana ni komawa hannu rabbana. Bayan kusan shekara biyu wani aikin ya sake kai ni, wani dattijo ya kalle ni ya ce, Malam ko ba a samu ba ai sai ka zo ka ce ba a samu ba. Har yau maganar na ci na, domin gaskiya ya faɗa. Saboda haka tun kafin ku fara ku sa ranar komawa a jadawalinku da kuɗinta. Ku koma da takarda ɗaya da Hausa, har da ajami in unguwar masu karanta shi ce, a karanta da baki: ga abin da kuka ce, ga wanda ya shiga tsari, ga wanda bai shiga ba da dalili, ga wanda ke hannun jiha ba namu ba. A liƙa a ƙofar mai unguwa da masallaci. Mutanenmu na haƙuri da babu, abin da ba sa yafewa shi ne a mayar da su abin hawa.

Iyakar abin

Kar in bar ki da zaton wannan maganin komai ne. Zaman unguwa ba ya gyara madatsar ruwa, ba ya auna girman kwalbati, wannan aikin injiniya ne da kuɗin gwamnati, kuma bai halatta a fake da aikin gayya a sauke wa talaka nauyin da na hukuma ne ba. Mutanen Haɗeja sun sha fitowa gayya suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaure jinga, suna yanke kacalla a kogi, amma ruwan da ke zuwa musu daga can saman kogin yake tahowa, ba a unguwarsu ake yanke hukuncinsa ba. Haka kuma wani lokacin abin da unguwar tudu ta zaɓa shi ke tura ruwa unguwar gangare, dole wani ya kalli garin gaba ɗaya, kuma wannan ku ne. Mafi ɗaci ita ce maganar gidajen da ke kan hanyar ruwa. Babu yawan zaman da zai sa mutum ya yi murna da rushe gidansa, abin da zama ke iya yi shi ne a yi maganar diyya da wurin komawa tun kafin a shafa jan fenti, ba bayan ba. Ni kuma gogewata ta unguwa da mazaɓa ce, haɗa muryar unguwanni ɗari ta zama tsarin birni ɗaya aiki ne da za ku buƙaci masu lissafin kasafi da injiniyoyin ruwa a kusa da ku.

In lokaci ya ƙure muku, kar ku ce sai kun zaga ko'ina. Ku ɗauki unguwa uku: ɗaya a tsohon gari, ɗaya a gangare da ruwa ke ci, ɗaya a sabbin unguwannin bayan gari da ba su da magudana ko ɗaya. Sati shida ya isa a yi zagaye da zaman mata da zaɓe a ukun. Amma kafin duk wannan, ki duba takardar da aka rubuta sunayen mahalarta taronku, ki nemo dattijon nan, ki je har gida ki gaishe shi, ki ce Baba kwatar nan da ka yi magana na zo ka nuna min. Ki sa takalmin roba, ki tafi da ma'aikaci ɗaya daga sashen ayyuka wanda zai iya cewa ga abin da za a iya yi kafin damina ta kankama. Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon cika abin da kuka ɗauka.